Kwalbar Da Ke Tona Asirin Mai Jabu

Duk wanda ya taɓa murɗa murfin sabuwar kwalbar maganin tari ko ta man girki ya san ɗan ƙarar nan da ke fita, ƙaras, lokacin da zoben da ke ƙasan murfin ya rabu da shi ya tsaya a wuyan kwalba. Yawancinmu ko kula da shi ba ma yi. Amma ɗan zoben nan bai zo a banza ba. An shafe wajen shekara 150 ana kokawa tsakanin masu ƙera kwalabe da masu cika su da jabu kafin a iso inda ake yau, kuma a kan hanya an yi asarar dukiya, an yi asarar rayuka.

Matsalar mai sauƙin faɗa ce. Mai sayen abin da ke cikin kwalba ba ya ɗanɗanawa kafin ya biya. Gilashi yana nuna masa launi, amma ba ya gaya masa ko abin da ke ciki magani ne ko ruwan rijiya da aka rina. Abin da yake biya wa kuɗi shi ne sunan da ke jikin kwalbar. To, idan abin ciki ya ƙare, sunan ba ya ƙarewa, yana nan manne a jikin kwalbar da aka jefar a bola. Duk wanda ya tsince ta, in yana da mazurari da mugun nufi, ya samu sunan kamfani kyauta. Tambayar da ta hana masu ƙira barci ke nan: yaya za a yi kwalba ta bar ruwa ya fita amma ta hana wani ya shiga? In hakan ya gagara, yaya za a yi ta tona asirin wanda ya taɓa ta?

Daga laka zuwa gilashi

Rufe bakin tulu da hatimi tsohuwar dabara ce ƙwarai. Bayan Howard Carter ya gano kabarin Fir'auna Tutankhamun a Masar a 1922, cikin kayan da aka tarar akwai tulunan ruwan inabi da aka toshe bakinsu da laka aka buga hatimi a kai. A jikinsu an rubuta shekarar da aka matse inabin, da gonar da ya fito, da sunan shugaban masu aikin. Wato fiye da shekara 3,000 da suka wuce mutane sun riga sun gane cewa busasshiyar laka ba ta hana a buɗe tulu, amma wanda ya fasa ta ba zai iya mayar da ita yadda take ba.

Duk da haka, a mafi yawan tarihi ciniki ido da ido ake yi. A Turai ma, har cikin ƙarni na 19, mai kanti ganga guda yake saya, mai saye ya zo da tasa kwalbar a auna masa, kamar yadda mai man gyaɗa ke auna wa jama'a a kasuwar Maraɗi ko ta Kano. In an cuce ka, ka san fuskar wanda ya cuce ka, sai dai saninta bai hana ha'inci yawaita ba. A 1820 wani masanin haɗa sinadarai Bajamushe mazaunin Landan, Frederick Accum, ya buga littafi yana fallasa yadda ake zuba alif a burodi don ya yi fari, ake rina alewar yara da sinadaran dalma da na tagulla, har ya jero sunayen ƴan kasuwar da aka taɓa kamawa da laifin.

Da masana'antu suka bunƙasa, jiragen ƙasa da na ruwa suka nisanta mai yin kaya da mai amfani da shi, sai kamfanoni suka ga mafita ita ce su ɗura kayansu a kwalba tun daga ma'aikata, su rufe, su manna sunansu. Mai kanti ya koma ɗan aike, ba shi da ikon sa hannu a ciki. Dabarar ta yi aiki, sunayen kamfanoni suka yi daraja. Darajar sunan kuwa ita ce ta mayar da kwalbar da ba komai a cikinta abin nema.

Ƙwallo, murfi da inji

A 1872 wani Bature ɗan Ingila mai suna Hiram Codd ya yi rajistar wata irin kwalbar lemo mai ɗan ƙwallon gilashi a wuyanta. Ana cika ta a kife, sai iskar da ke cikin lemon ta tura ƙwallon ya manne da zoben roba da ke bakin kwalbar, ya toshe ta. Mai sha zai danna ƙwallon ya faɗa wani ɗan lungu da aka matse a wuyan, lemo ya fito. Codd bai yi ta don hana sake cikawa ba, hasali ma kamfanoni na karɓar kwalaben su wanke su sake cika su, babbar damuwarsu ita ce yaran da ke fasa su don su samu ƙwallon wasa. Har yau ana shan lemon Ramune a Japan da na Banta a Indiya cikin irin wannan kwalba. Muhimmancinta a labarinmu shi ne ta nuna cewa ɗan ƙwallo a wuyan kwalba zai iya zama ƙofa mai buɗewa ta gefe guda.

Shekara 20 bayan haka, a 1892, William Painter na birnin Baltimore a Amurka ya fito da murfin ƙarfe mai haƙora, wanda muke ɓallewa da mabuɗi a kan lemon kwalba. Na farko haƙori 24 gare shi, daga baya aka tsaya a kan 21. Murfi ne na amfani sau ɗaya: da zarar an ɓalle shi ya lanƙwashe, kuma mayar da shi daidai sai da sabon murfi da abin matsewa. Arha gare shi, kuma yana barin shaida.

Amma irin wannan murfi yana bukatar kowace kwalba ta zama bakinta daidai da na ƴar'uwarta. A lokacin da baki ake hura kwalabe, mutum ya ɗebo narkakken gilashi a kan bututu ya hura, don haka sai ka ga wannan ta ɗan fi waccan faɗi. A 1903 Michael Owens, a birnin Toledo na jihar Ohio, ya kammala injin da ke ƙera kwalba shi kaɗai, dubbai a yini, duk girma ɗaya. Ba don wannan inji ba, da duk wata na'ura da za a saka a wuyan kwalba ta tsaya a kan takarda.

Tseren ƙera kwalbar da ba a sake cikawa

Babban ɓangaren wannan tarihi a harkar barasa ya faru, harkar da mafi yawanmu ba ruwanmu da ita. Dalilin na kuɗi ne. Abin da ke cikin kwalbar yana da tsada, gwamnatoci na ɗora masa haraji mai nauyi, kuma a mashaya kwalbar tana zama a buɗe kwanaki ana tsiyaya kaɗan-kaɗan, ba mai ganin abin da mai wurin ke ƙarawa a ciki bayan an tashi. Dabarun da aka ƙirƙiro a can su ne daga baya suka dawo kan kwalbar magani da ta man girki, shi ya sa ya dace mu san su.

A Amurka ta ƙarshen ƙarni na 19, ƴan damfara na sayen tsurar barasa mai arha su rina ta da ruwan taba ko aidin su sayar da sunan tsohuwar wuski. A 1897 majalisar ƙasar ta yi dokar da ta ce duk wanda ke son gwamnati ta shaidi kayansa sai ya ajiye shi aƙalla shekara 4 a rumbun da hukuma ke tsaro, sannan a manna wata siririyar koriyar takarda ta haye kan toshiyar kwalbar daga wannan gefe zuwa wancan. Ba za ka cire toshiyar ba sai ka yage takardar. Hatimin lakar Masar ne ya dawo cikin sabuwar riga.

Takardar tana tsare kwalba kafin a buɗe ta. Bayan an buɗe fa? A nan ne masu ƙirƙira suka yi ca. Daga shekarun 1890 zuwa na 1910, ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba da ɗaruruwan takardu a kan kwalbar da ba a sake cikawa. Kusan dukkansu tunani ɗaya ne. A can cikin wuyan kwalba akwai bawul, galibi ɗan ƙwallo ko ɗan faifai da ke zaune a kan rami. In ka karkata kwalbar, sai ya gusa ruwa ya wuce. In ka miƙar da ita, sai ya koma ya toshe ramin, duk abin da ka zuba daga sama ya tsaya a waje. A samansa kuma ana saka wani shinge mai lungu-lungu, ruwa na iya zagaye shi amma waya ko tsinke ba za su kai ga bawul ɗin su ɗaga shi ba.

Masu jabu ba su naɗe hannu ba. Wani ya kwantar da kwalbar a cikin ruwan ya yi ta girgizawa har ya shiga kaɗan-kaɗan. Wani ya yi amfani da famfon tsotsar iska. Duk dabarar da suka fito da ita, sai mai ƙira ya ƙara wani abu: ƙwallo na biyu mai nauyi da ke danne na farko ko da kwalbar na kwance, ko wani mai sauƙi da ke tasowa kan ruwa ya rufe hanya in an nutsar da ita. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A shekarun 1910 kamfanoni irin su Johnnie Walker na Sikotilan da Wilson na Amurka sun yi ta tallar cewa kayansu na zuwa a kwalbar da ba a sake cikawa. Amma abin bai game kasuwa ba. Na'urar da aka yi da gilashi, tangaran ko ƙarfe tana da tsada, tana rage gudun tsiyaya, wani lokaci ta maƙale, ƙarfe kuma na iya sauya ɗanɗano.

Siffa, doka da roba

Wasu sun bi ta wata hanya. Coca-Cola ta sha fama da masu kwaikwayo da ke fito da sunaye irin su Koka-Nola a cikin kwalabe masu kama da nata. Sai aka nemi masu ƙera gilashi su zana kwalbar da mutum zai gane ko a cikin duhu ya lalubo ta, ko ya gan ta a fashe a ƙasa. Kamfanin Root Glass na garin Terre Haute a jihar Indiana ne ya yi nasara, aka yi rajistar zanen ranar 16 ga Nuwamba, 1915. Siffa ta musamman tana wahalar da mai kwaikwayo, domin sai ya sami masana'antar gilashi kafin ya yi irinta. Amma tana ƙara wa tsohuwar kwalba ta gaskiya daraja a wurin mai jabu, tunda ita ba sai ya ƙera ba.

Gwamnatin Amurka ta gane haka. Daga 1920 zuwa 1933 an haramta barasa a ƙasar, ƴan fasa-ƙwauri suka ƙware wajen cika tsofaffin kwalabe. Da aka ɗage haramcin, sai aka wajabta, daga 1935, a zana gargaɗi a jikin gilashin kansa cewa dokar tarayya ta hana sayar da wannan kwalba ko sake amfani da ita. An ci gaba da haka har 1964. Masu tara tsofaffin kwalabe na amfani da wannan rubutu su gane shekarun kwalba, kuma har yau sake cika kwalbar barasa laifi ne a dokar ƙasar.

Abin da ya warware matsalar tsada shi ne zuwan roba bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Na'urar da a da sai an haɗa ta da hannu, yanzu inji na fitar da ita miliyoyi a farashi kaɗan. Kamfanin Guala, wanda aka kafa a garin Alessandria na Italiya a 1954, ya zama ɗaya daga cikin manyan masu ƙera irin wannan murfi a duniya. Ana matse shi a wuyan kwalba ta yadda ba ya fita sai an lalata shi. A gefe guda kuma murfin alminiyom mai murɗawa ya yaɗu, wanda inji ke matse shi a kan zaren bakin kwalba ya bar zobe a ƙasa haɗe da shi ta wasu ƴan siraran gadoji. Murɗawar farko ce ke karya gadojin, ita ce ƙarar da muke ji.

Darasin Chicago

Har zuwa wannan lokaci, abin da ake tsoro shi ne mai neman riba. A ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na 1982 aka ga wani irin mugu dabam. A yankin birnin Chicago mutum 7 suka mutu bayan sun sha kafson Tylenol, maganin ciwon kai da zazzaɓi da ake saya a kowane kanti. Bincike ya nuna wani ne ya ɗauki kwalaben, ya buɗe kafson ya zuba gubar sayanayid, ya mayar da su kan kanta. Kwalaben na roba ne, ba hatimi ko ɗaya a bakinsu, don haka ba wanda ya ga alama. Kamfanin Johnson & Johnson ya janye kimanin kwalba miliyan 31 daga kasuwa. Har yau ba a yanke wa kowa hukuncin kisan ba.

Cikin ƴan makonni maganin ya dawo da kariya hawa uku: kwali da aka manne bakinsa da gam, leda da ta ɗaure wuyan kwalba da murfi, sai farar takardar alminiyom da ta rufe bakin. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta irin wannan rufi a watan Nuwamba na shekarar, a 1983 kuma majalisa ta mayar da taɓa kayan masarufi da mugun nufi babban laifi na tarayya. Duk da haka, a 1986 wata mata ta sake mutuwa a jihar New York ta hanyar kafson da aka sa wa guba. Kamfanin ya daina sayar da maganin a kafso, ya koma ƙwaya dunƙulalliya da ba a buɗewa. Daga nan masana suka rage alƙawari. Maimakon su ce rufi yana hana taɓawa, sai suka koma cewa yana nuna an taɓa.

Ingila ma ta ga nata. A 1988 da 1989 wani tsohon ɗan sandan ciki na Landan, Rodney Whitchelo, ya riƙa sa reza da soda mai ƙuna a kwalaben abincin jarirai na Heinz yana neman kamfanin ya biya shi kuɗi. An kama shi, a 1990 aka ɗaure shi shekara 17. Irin waɗannan kwalabe masu faɗin baki suna da tasu shaidar. Ana zuba abincin da zafi a rufe, in ya huce sai tsakiyar murfin ta lotsa ciki. Da zarar an buɗe iska ta shiga, sai ta tasa sama. In ka danna murfin sabuwar kwalba ka ji yana motsi yana ƙara, an riga ka buɗe ta.

Man zaitun a teburin gidan abinci

A ƙasashen kudancin Turai man zaitun tamkar man gyaɗa yake a wurinmu, kuma sun san illar man da ba a san asalinsa ba. A 1981 a Sifaniya, ƴan talla suka riƙa sayar da wani mai a jarkokin da ba suna, suna cewa na zaitun ne, alhali man masana'antu ne da aka sa wa sinadari don kada a ci. Kimanin mutum 20,000 suka kamu da ciwo, ɗaruruwa suka mutu.

Akwai kuma ƙaramin ha'inci na yau da kullum: gidan abinci ya ajiye kwalba mai sunan mai tsada a kan tebur, ya riƙa cika ta da mai arha. Tun daga 2006 Fotugal ta wajabta wa gidajen abinci su kawo man zaitun a kwalba mai suna, mai murfin da ba a sake cikawa. A 2013 Tarayyar Turai ta so ta shimfiɗa dokar a kan dukkan ƙasashenta, sai aka yi mata ca, Firaministan Birtaniya David Cameron na cikin masu sukar cewa shisshigi ne. Wasu suka ce za ta ƙara shara, ta kuma cuci ƙananan manoma da ke sayar wa gidajen abinci man gonarsu kai tsaye. Cikin ƴan kwanaki aka janye shawarar. Sifaniya da Italiya, manyan masu noman zaitun, suka yi tasu dokar a gida, ta fara aiki a 2014. Na'urar da aka ƙirƙiro don mashaya ta koma tsaron man miya.

Inda hatimi ya gaza

Duk da wannan ci gaba, mai jabu yana da hanyoyi uku da murfi ba ya tarewa. Ta farko, ya kwaikwayi komai, har hatimin. A watan Satumba na 2012 a Jamhuriyar Cek, an cika kasuwa da barasar da aka gauraya da metanol, sinadarin da ke makantarwa yana kisa, cikin kwalabe masu takardun jabu. Fiye da mutum 40 suka mutu, sai da gwamnati ta hana sayar da duk abin sha mai ƙarfin da ya wuce kashi 20 cikin 100 na wani ɗan lokaci, ta kuma fito da sabon hatimin haraji.

Ta biyu, ya nemi tsohuwar kwalba ta gaskiya. Rudy Kurniawan, ɗan Indunusiya mazaunin Kalifoniya, ya yi shekaru yana sayar wa attajirai ruwan inabin da ya haɗa a gidansa cikin tsofaffin kwalaben Faransa. Ɗaya daga cikin abubuwan da suka tona shi, a 2008 ya kai gwanjo wasu kwalabe masu ɗauke da shekarun 1945 zuwa 1971, sai mai gonar, Laurent Ponsot, ya ce gidansu bai fara yin wannan nau'i ba sai 1982. An kama shi a 2012, aka ɗaure shi shekara 10. A ƙasar Sin an kama masu huda ɗan mitsitsin rami a bayan takardar kwalbar Moutai, su tsotse na ciki su ɗura jabu, murfi yana nan lafiya lau. A Indiya kuma, lokacin annobar korona a 2021, ƴan sanda sun kama masu tara ƴan kwalaben allurar remdesivir da aka yi amfani da su, suna cika su da abin da ba shi ba.

Ta uku ta fi ciwo, domin gubar daga masana'anta take fitowa. A 2008 zuwa 2009 a Najeriya, aƙalla yara 84 suka mutu bayan an ba su My Pikin, maganin fitar haƙori da aka haɗa a Legas, wanda sinadarin dayetilin gilaikol mai lalata ƙoda ya shiga cikinsa. Irin wannan guba ce ta kashe yara wajen 70 a Gambiya a 2022 ta hanyar magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya, a 2023 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan wani maganin tari a Kamaru. Hatimi shaidarsa ɗaya ce, cewa ba a taɓa kwalba ba tun da aka rufe ta. Ingancin abin da aka rufe a ciki aikin ɗakin gwaji ne da hukuma.

A ƙasashenmu

Nijar ta ɗanɗani ɗacin wannan al'amari a 1995, lokacin babbar annobar sanƙarau. Cikin alluran rigakafin da aka samu gudummawa daga Najeriya akwai na jabu, ɗauke da sunayen manyan kamfanonin Turai, waɗanda suka bayar kuma sun ɗauka masu kyau ne. Ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF ne suka lura kamanninsu ba daidai ba, gwaji ya nuna ba sinadarin rigakafi a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an yi wa fiye da mutum 50,000 wannan allura, ta kuma danganta mutuwar kimanin 2,500 da ita. Mutane sun koma gida da tabbacin an kare su, alhali ba abin da aka yi musu. A 2017 hukumar ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane 10 na magungunan da ke yawo a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci.

Daga yankinmu ne kuma wata sabuwar dabara ta fito. A 2007 Bright Simons na Ghana da abokan aikinsa suka kafa mPedigree: a ɓoye lamba a jikin kwalin magani, mai saye ya kankare kamar katin waya, ya aika ta saƙo, a amsa masa ko na gaskiya ne. A 2010 hukumar NAFDAC ta Najeriya ta ƙaddamar da irin wannan tsari tare da kamfanin Sproxil. Lambar sau ɗaya take aiki, don haka ko mai jabu ya tsinci kwalin, lambar da ke jiki ta riga ta mutu. Tunanin Painter ne na murfi mai amfani sau ɗaya, aka mayar da shi cikin wayar salula.

Sai dai mu mutane ne da ba ma zubar da kwalba, kuma wannan ba abin kunya ba ne. Lemon kwalba da muke mayarwa a ba mu kuɗin ajiya, kamfani ne ke wanke kwalbar ya cika ya sa sabon murfi, sau da yawa. Matar da ke sayar da soyayyiyar gyaɗa a kwalba ba ta yaudari kowa ba, kowa na ganin gyaɗa ce. Haka mai zuma, haka mai man shanu, haka mai fetur a bakin hanya. Laifi yana farawa ne a lokacin da aka sayar da sabon abu da sunan da ke jikin tsohuwar kwalba. Saboda haka in ka ga mai sayen tsofaffin kwalabe ya nace sai mai takarda lafiyayya, da murfinta, da kwalinta, musamman ta magani, turare, man shafawa, man inji ko maganin ƙwari, ka san ba gilashin yake so ba.

Abin da tarihin nan ya tabbatar shi ne ba a taɓa ƙera kwalbar da ta gagari mai jabu gaba ɗaya ba. Abin da aka cim ma shi ne a tsawwala masa aikin, a sa ya kashe kuɗi da lokaci, a kuma tilasta masa barin sawu. Sawun kuwa ba ya amfani sai an duba. Zoben da ya riga ya rabu da murfi, leda da aka manne da gam, takardar alminiyom da ta ɗago a gefe, murfin da ke juyawa ba ya kamawa, ruwan da bai kai inda na sauran kwalaben ya kai ba, duk suna magana ga wanda ya tsaya ya duba kafin ya miƙa kuɗi. Bayan an gama amfani kuma, kankare takardar da fasa murfin ba su ɗaukar minti ɗaya, a bar wa mai gyaɗa gilashinta tsura. A asibitoci da ɗakunan shan magani nauyin ya fi haka, domin ƴar kwalbar allura da aka jefar da takardarta lafiya lau tana iya dawowa kasuwa da ruwan gishiri a cikinta, ta ƙare a jikin ɗan wani.